Bayan Mai Askin Tumaki

A tashar motar garin Longreach, can nesa da teku, wani tsoho mai askin tumaki, bayansa a tanƙware, ya leƙa takardun da ke hannun wata budurwa, Narelle.

"'Yata, makaranta za a?"

"Karatun likitan gyaran ƙashin baya, Baba. Jami'o'in Sydney da Perth duk sun ɗauke ni, na rasa wadda zan zaɓa."

"Ɗauki ta kusa. Yaranmu in sun ga teku ba sa dawowa. Ni sai na yi tafiyar awa bakwai ake danna min baya."

"Zan dawo. Mahaifina ma shekara talatin ya yi a sunkuye kan tumaki."

"To, ki fara da shi."

Narelle ta ninke takardun. "Bai jira ba. Ya rasu."

Tsohon ya sake duban takardun.

"Shekara nawa ne karatun?"

"Biyar."

"Ni zan jira."