Hannun da Ya Yanke Mana Cibi

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Ceto, 'yan'uwa. Sunana Nomau, daga wani ƙauye kusa da Gubuchi. Kun san ni manomi ne, amma ba ku san abin da na aikata ba.

Shekarar da baƙon dauro ya shigo mana, ban karɓi bishara ba tukuna. Yara bakwai muka binne a ƙauyenmu kafin kaka, sai 'yata Lami ta kwanta. Na zauna ina juya abin a raina, wai ni mai wayo, har na gano cewa duk bakwai ɗin nan Iya Kande ungozoma ce ta yanke musu cibi. Lami ma ita ce. Na fita dandali na ce, "Jama'a, me kuke jira? Ga mayyar nan a cikinmu!"

Ni na jawo ta daga ɗakinta, tsohuwar da ba ta kai nauyin damin dawa ba. Muka tuɓe ta a gaban jikokinta, muka ce ta tsallake marasa lafiya ta sako kurwarsu. Tana ta cewa, "Nomau, ɗana, ni ce fa."

Yara shida ta tsallake. Huɗu suka tashi har da Lami, muka ce ga shaida, ta sake su. Biyu suka mutu, muka ce ai ta riga ta cinye su. Muka ƙone ɗakinta, na bi ta da sanda har na karya mata ƙugu. Ƙanwarta ta ɗauke ta a kan jaki zuwa Furana. Ranar har giya na saya wa mutane!

Bayan shekara biyu Malam Ishaya, mai ba da magani a mishan, ya zo garinmu a kan kekensa. Na ba shi labarin ina ƙafafa. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Yaran garin nan, nawa ta yanke wa cibi?"

Na ce, "Duka."

"Har waɗanda ko zazzaɓi ba su yi ba?"

"Har su."

"Kai fa, wa ya yanke maka?"

Ni ma ita ce ta yanke mini. Ya ce a ƙauyen gaba ba a tsallake kowa ba, amma wasu yaran sun tashi, wasu sun mutu, kamar namu. Ya ce, "In sun rayu laifinta, in sun mutu laifinta. To, ta wace ƙofa kuka bar mata ta fita?"

Wayyo ni! Na tafi gona na faɗi tsakanin kunyoyi na ce, "Yesu, in kana karɓar irina, ga ni." Ban ga haske ba, ban ji murya ba, ban kuma nemi alama ba, don neman alama ne ya kai ni inda na kai. Amma tsoron maita ya fita daga raina tun ranar.

Na tafi Furana a ƙafa. Na same ta a kan tabarma, tana jan jiki da hannu. Na durƙusa na ce, "Iya, ki yafe mini."

Ta dube ni ta ce, "Sabon Allahn naka ya yafe maka. Ni ban yafe ba. Matsa, ka tare mini rana."

Har ta mutu ba ta ƙara yi mini magana ba, kuma tana da gaskiya. Na gode wa Yesu da bai kore ni ba. Ku dogara gare shi, 'yan'uwa, don in ya karɓi Nomau, ba wanda zai ƙi. Amin.