Wayar Tebur a Ɗakin Inna

Akuyar Inna aka sayar na samu kuɗin mota. Ja ce, mai ƙaho ɗaya, kullum tana cikin rumbun maƙwabta. Inna ta kunce bakin zaninta ta damƙa mini kuɗin a ƙofar gida, ba ta ce komai ba sai "Allah ya tsare." Baba kuwa yana gona, bai zo sallama ba, don shi bai taɓa son tafiyar nan ba. Lokacin jiharmu ba ta daɗe da fita daga Kano ba, ku duk ba a haife ku ba.

Daga Gwaram na hau motar shanu har Ikko. Da fari dako na yi. Ɗakin da muke haya a bayan wata kwata yake, matar da ke da gidan kuma ba ta son ganin buta.

"Malam, wata! Wata!" Haka take ihu kullum.

Ni kuwa sai in ɗaga kai sama ina neman wata da rana tsaka. Ashe Turanci ne, ruwan alwala take nufi.

Daga baya na samu maigida, wani mai gyaran wayar tarho, muna ce masa Oga Sande. Mutum ne mai faɗa, amma hannunsa na da albarka. Ni ke riƙe masa tsani, a hankali har na iya haɗa waya. Da salula ta shigo, sai mutane suka fara zubar da manyan wayoyinsu na tebur. Oga bai zauna ba. Ya samo wani ɗan akwati da ake sa wa layin salula a ciki, a jona shi da wayar tebur, sai ta farfaɗo ta yi ƙara kamar da. Masu kuɗi suna so, don tsofaffinsu ba sa iya latsa ƙananan madannai. Mun sa shi a gidaje da yawa.

Wata rana direban motar shanu ya same ni a shago. Ya ce an kwantar da Baba a babban asibitin Birnin Kudu, jikin ya yi tsanani, wana Habu ne ke jinyarsa. Inna kuma ƙafafunta sun riƙe, ko tsakar gida sai an ɗauke ta, balle mota.

Na gaya wa Oga zan tafi.

"Yanzu? Aiki ya yi yawa!"

"Ubana ne."

"Kowa na da uba. In ka tafi, kada ka dawo."

"To," na ce, na ajiye masa filaya.

Ina tasha ina jiran mota ta cika sai ga shi yana gumi, da kwali a hannu. Akwatin nan ne, da eriya, da wata tsohuwar wayar tebur baƙa. Ya tura mini a ƙirji. "Mama ta ji muryar mijinta," ya ce, ya juya bai jira godiya ba.

Na fara sauka Birnin Kudu. Baba ya rame har na kasa duban fuskarsa. Ya dube ni ya ce, "Ɗan Ikko, ka zo?" Sannan ya tambayi Inna. Habu ya ce tun da aka kawo shi ita yake tambaya. Wani ɗan kasuwa da ke jinyar ƙaninsa a gadon kusa ya yarda ya ara mana salularsa. Na karɓi lambar na wuce gida.

A ƙauyenmu a lokacin ba a samun sabis sai an hau kan dutse. Na ɗaure gora biyu, na kafa su a jikin rumbu, eriya a can ƙoli. Wuta babu, sai Malam Sale direba ya ciro batirin motarsa ya kawo da kansa. Na juya gorar gabas, shiru. Na juya kudu, shiru. Har la'asar ina fama, maƙwabta sun cika gida, wasu na cewa yaron nan ya dawo da shirme. Da na karkata ta wajen Birnin Kudu na ƙara mata tsawo, sai fitilar akwatin ta koma kore.

Na buga, Habu ya ɗauka. Na ja wayar har bakin gadon Inna na sa mata a kunne. Da hannu biyu ta riƙe ta.

"Malam?" ta ce. "Kai ne?"

Muryar Baba ta fito, har mu muna ji.

"Hajjo. An shigar da dawar nan?"

"An shigar. Ka ci wani abu?"

"Na sha kunu. Bai kai naki ba."

Ta yi 'yar dariya. Can ya ce, "Ki yafe mini."

"Na yafe, duniya da lahira. Ni ma ka yafe mini."

Matan da ke ƙofa suka ja baya ɗaya bayan ɗaya. Ni ma na fita, na je na riƙe gorar da hannuna don iska na kaɗa ta. Ban san abin da suka ƙara faɗa ba, kuma ban taɓa tambaya ba.

Kafin Juma'a ta zagayo Allah ya karɓi abinsa.

Ban koma Ikko ba. Na dawo ba gida ba mota, gonar Baba na kama. Da aka share makoki na zo zan kwance gorar, Inna ta ce in bar ta. Na samo mata wani tsohon batir. Duk shekarun da ta ƙara a duniya, da hantsi takan ɗaga wayar ta kara a kunne, ba ta kiran kowa, ta ɗan saurara, sannan ta goge ta da bakin mayafi ta mayar.