Ƙarfen Baba Sahdan

A tashar kwale-kwale ta tsibirin Lombok, Baba Sahdan na zaune tun safe ko fasinja ɗaya bai samu ba, sai wata baƙuwa daga Jakarta ta miƙo masa hoto a waya.

"Baba, nan nake so ka kai ni. An ce kifaye kala-kala har gogar mutum suke."

Ya leƙa. Ga hancin jirginsa ma a gefen hoton.

"Koma masauki ki huta, 'yata. Wurin ya mutu."

"Ya mutu kamar yaya? Takanas na zo, hutun kwana uku kacal gare ni!"

"Murjanin ƙarƙashin ruwa da kifayen ke kwana ciki ya farfashe. Sai fararen duwatsu kamar ƙasusuwa."

"Wane marar imani ne ya yi wannan?"

"Baƙi ba sa son wahalar iyo, sai a tsaya musu daidai kan murjanin. Shekara ashirin kullum ana jefa ƙarfen tsayar da jirgi a kansa."

"Ku kuna ina? Ba wanda ya hana?"

Ya dubi ƙarfen da ke gaban ƙafarsa, bakinsa duk ya cinye.

"Ni na fi kowa iya saiti, 'yata. Shi ya sa duk ni suke nema."