Sulken Maƙeri

A ɗakin jira na asibitin ido, wata tela ta hango littafi na bakwai na jerin labarin da take bi a hannun wani dattijo da ke gefenta, gabanta ya faɗi.

"Malam, don Allah, maƙerin nan da dodon tsauni ya haɗiye a ƙarshen littafi na shida, ya mutu?"

"Haba, baiwar Allah! Ai ba a faɗa wa mutum ƙarshen labari."

"Ni dai faɗa min. Shekara biyu ni ke karanta wa babana, tun da ya daina gani. Da na ga hawayensa a wurin, sai na ce maƙerin na sanye da sulken da ya ƙera, dodon ya kasa tauna shi. Ƙarya na shirga masa. Yau za a cire masa bandeji, da kansa zai karanta."

Dattijon ya kwashe da dariya. "Wata shida muna musu da abokaina. Wasu sun ce fatalwarsa za ta dawo, ni na ce ɗansa zai gaje shi. Duk ba mu canka ba." Ya buɗe shafin farko ya miƙa mata. "Ga sulkenki nan."

Ta karanta, ta sauke ajiyar zuciya.

"Alhamdu lillahi! To Malam, dokinsa da na ce ya tsira fa?"