Bille Kawai Ya Gani, Ya Ɗaure Mini Miji

Assalamu alaikum mai gabatar da shiri, barka da aiki. Ni ce Hajara daga Gwiwa.

Mijina Sani awaki yake sayarwa a kasuwar Babura. Wata ranar kasuwa da la'asar aka tare wani ɗan kasuwar hatsi, Alhaji Idi, aka yi masa fashi. Ɓarawon ya naɗe fuskarsa, kuncinsa kaɗai ke waje. Da aka kama Sani, shi kaɗai aka kawo da ankwa aka ce, "Alhaji, wannan ne?" Ya ce, "Wallahi shi ne, ga billensa nan."

Jama'a, bille fa! Wanzami ɗaya ya yi wa duk mazan unguwarmu.

Aka ɗaure Sani. Yana kurkuku mahaifiyarsa ta rasu, bai samu jana'izarta ba.

Muka ɗaukaka ƙara. Lauya ya nuna cewa ban da billen nan, Alhaji bai ga komai ba. Ranar zaman, baffannin Sani da ƙannensa suka cika benci, kowa da billensa. Aka sallame shi.

Yanzu Alhaji ya aiko da goro, wai a yi haƙuri, kama ce. Na mayar masa da goronsa. Dattawa sun ce in bar wa Allah. Allah ya isa na yi, amma ban yafe ba.

Lauyoyin da ke sauraro, ta ina zan maka shi a kotu? So nake ya kwana inda Sani ya kwana. Kuma ku dubi kuncin Alhajin da kyau: shi ma bille gare shi.