Ara Mini Idonki

A shagon tabarau, wani dattijo ya cire nasa, ya shiga gwada sababbi a gaban madubi. Ba a sa musu gilashin magani ba tukuna, don haka dishi-dishi yake ganin kansa. Kowanne ya ɗora, sai mai shago ya ce, "Kamar don kai aka yi shi!"

Dattijon ya juya wajen wata mata da ke zaune tana jira.

"'Yar nan, ara mini idonki. Wannan fa?"

"Baba, in faɗi gaskiya? Ka koma mujiya."

Ya yi dariya har da tari. "Haka mai ɗakina take yi mini. Ba ta iya daɗin baki ba."

"Ai da ka zo da ita."

"Ta rasu bara."

"Allah ya ji ƙanta. Yi haƙuri, Baba."

"Ba ki yi laifi ba. Ni ne na yi ta jin haushinta. A wurin aiki kowa 'ranka ya daɗe, yau ka fito,' in dawo gida ta ce wuyan rigata ya karkace. Har cewa na yi ta je ta koyo magana."

"Ba ta taɓa yabonka ba?"

Ya ɗaga tsohon tabarau ɗinsa, gefe ɗaya ɗaure da zare. "Ranar da na sayo wannan ta ce ya yi mini kyau. Ko tanka mata ban yi ba, ina saurin zuwa inda ake fasa mini kai."

Mai shago ya miƙo wani. "Wannan kam sai manya!"

Dattijon bai karɓa ba.

"Ɗan nan, gyara mini tsohon kawai."