Ranar da Inna Ta Shanya Faifan Baba

Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ni ne Bello, ina koyarwa a Kalgo, amma gidanmu yana Gwandu.

Tun yana saurayi Babana yake son wani faifan garmaho na kiɗan jaz, na mutum biyar masu busa da ganga. Nasa ya fashe tun ina yaro. Bana na ji an sake buga shi, na sa aka kawo masa daga Legas. Mai sayarwa ya ja mini kunne cewa rana tana lanƙwasa shi.

Ranar Asabar Inna ta kira ni ta ce, "Gara ta shiga ɗakin babanka, na kwashe komai na shanya." Na ce, "Har da faifan?" Ta ce, "To shi gara ba ta cinsa ne?" Sai wayarta ta mutu.

Malam, ban san lokacin da na hau babur ba. Na iso gida, sai ga kwalin faifan a tabarma, rana ta gasa shi. Na ɗauka, sai na ji shi sakayau. Ashe tun da safe Baba ya zare faifan ya ɗora a garmaho. Na same shi a zaure yana kaɗa ƙafa. Ya ce, "Zauna shiru, mai busa zai shigo."

Jama'a, a shanya hatsi, kada a shanya faifai. Ina gaida Inna, wadda har yau ta nace gara ta fi rana ɓarna.